Saƙon Malam a Bakin Zauren Jirage

Tun da na dawo daga Ingila ban sha furata cikin natsuwa ba. Mace ta shigo wai ta zo barka da sauka, ta zauna, ta gyara zane, sai tambaya. Da gaske ne gulbinsu yana komawa baya? Da gaske ne na jefi ɗana da takalmi a gaban Turawa? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk lokacin da labarin ya fita ƙofar gidanmu sai ya dawo mini da ƙari. Ran kasuwar Isa wata ta rantse wai Bature na mara. To ga shi na rubuta. Na haura hamsin kafin in fara riƙa fensir a ajin yamma na Malama Hassi, saboda haka wadda ta ga harafi ya karkace ta miƙe shi da kanta. Mai iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta.

Abin da kowa ya sani shi ne jego na tafi. Zulai, matar ɗana, ta haihu, mahaifiyarta kuwa ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta da mai kama mata ruwan zafi a can. Wannan gaskiya ne. Amma akwai saƙo na biyu da na ƙulle a bakin zane, ban gaya ma kowa ba sai yau.

Idon Malam, maigidana, yana tafiya. Likita a Sakkwato ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, daga ciki abin yake ci a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗanmu kuwa shekara bakwai rabonsa da Sabon Birni. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Lokacin da hanya ta lalace ana tare motoci, mu da bakinmu munka ce ya zauna inda yake. Ya zauna har zaman ya yi masa daɗi. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Malam kuma in ya ɗauki waya ba ya faɗin komai sai lafiya lau, gero ya yi kyau, a gaida iyali.

Ana gobe za ni tashi ya kira ni zaure.

"Ki ce mashi ina son in ga huskatai tun ina gani," in ji shi. "Daga bakinki zuwa kunnenai. Ban ce Zulai ba, ban ce takarda ba."

Na tambaye shi ko ya manta wane ne yaron. Ya ce bai manta ba, shi ya sa ma. In maganar ta fito daga bakin wani, yaron zai aiko da tabarau da magani ya ce baɗi. In ta fito daga bakin wadda ko ruwan sha ba ta taɓa roƙonsa ba, zai san ba wasa. Ya ƙara da cewa macen da ta tsaya gaban hakimi a kan iyakar fadama har hakimi ya nemi a ba shi ruwa, ai jimla ɗaya ba za ta gagare ta ba. Yana faɗa yana murmushi. Ina ga ramuwar shekara arba'in ce ya samu.

Don ɗan fari ne. Kun san abin. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Tsamaye, a can ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ko a wannan takarda ba za ku gan shi ba. Ban taɓa zama ina fuskantarsa ba. In ya gaishe ni bango nake amsa ma. Ƙannensa biyar na zage su, na dake su, na rungume su. Shi kuwa in zancensa ya kama sai in ce wancan, da ya gama karatu na samu sauƙi na koma cewa Injiniya.

Munka bar Sabon Birni da hantsi, bayan motoci sun taru sun yi jerin gwano, don har yanzu ba mai son ya kama hanyar Goronyo shi kaɗai. Direbanmu ɗan saurayi ne mai waya a kunne. Na ce masa ya zaɓa, ko waya ko mu. Ya ce Hajiya ai ya saba. Na ce ni ban saba mutuwa ba. Ya ajiye. Wani tsoho Bafulatani da ke gaba ya juyo ya tambayi ko ina da miji, da na ce yana nan da ransa sai ya ce Allah ya ƙara masa haƙuri. Daga Sakkwato jirgi ya kai ni Abuja, daga can wani babba ya ɗauke mu. Ba ni da abin faɗa a kan jirgi, sai dai makewayinsa, wanda na danna wani abu ya yi wata irin zuƙa da na ɗauka da ni zai tafi.

Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Bazazzagiya, Hajiya Binta, mai aikin asibiti a can. Ita ta zama bakina a iyaka. Da munka sauka wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata kamar ya zo gaisuwa. Anka kai ni gefe. Jami'in, wani dogo mai jan gashi, ya sa safar hannu ya fara fiddawa. Kilishi, ya ce a'a. Man shanun da na sa anka soya mini a rugar bayan gari, ya ce a'a. Na ce a gaya masa mai jego za ta ci, in ba shi da uwa ai ya taɓa ganin mai uwa. Binta ta juya masa da Turanci, sai na ga ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Daga baya ta ce mini cewa ta yi wai na yaba da ƙwazonsa. Kuka ta wuce. Daddawa ya buɗe ya rufe da sauri, ya bar mini abata. Da ya kai ga kanwa, fara fat a ƙulle cikin leda uku, sai fuskarsa ta sauya, ya kira wani. Na gane abin da suke zato. Na gutsuri ɗan guntu na tauna a gabansu, na miƙa masa saura. Bai karɓa ba, amma sun kai ta wani ɗaki sun dawo mini da ita. Har yau ina tunanin wa ya ci kilishin nan.

A bakin fita na hango Injiniya. Ya yi ƙiba, ya yi gemu. Kowa a wurin rungume nasa yake yi, wasu har da kuka. Shi kuwa ya zo ya durƙusa a tsakiyar mutane, ni kuma na juya na dubi wani allon talla na ce lafiya lau, ya iyali. Wata tsohuwa Baturiya ta tsaya tana kallonmu da tausayi. Ina jin ta koma gida ta ce ta ga uwar da ɗanta ya yi ma babban laifi.

Gidansu ɗan ƙarami ne, a tsaye yake kamar rumbu, ɗaki bisa ɗaki. Ba tsakar gida, ba inda za ka watsa ruwa. Wankan jego a cikin wani farin kwami munka yi shi, ba ganyen darbejiya, Zulai tana ta cewa unguwarzomarsu ta ce kada ruwan ya yi zafi sosai. Na ce unguwarzomar ta haifi nawa? Kwana na uku na sa garwashi a kasko na zuba turaren wuta, sai wani ɗan faifai da ke manne a rufin ɗaki ya ƙwala ihu, jaririya ta amsa masa, maƙwabciya ta fito da rigar barci. Ita maƙwabciyar ga ba ta gaisuwa. Na sa mata ido. Kullum da safe in tsaya a ƙofa in ce ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya mutanen gida, ban rage ko ɗaya ba. Kafin in taho ta koyi cewa lafiya lau, ina ga don in sake ta ta tafi aiki. Abincinsu kuwa na gwada kifi da dankali da suke ta yabo. Kifin ba laifi. Sai dai an soya shi an manta da yaji, an kuma zuba masa ruwan tsami kamar an yi masa hukunci.

Kwana arba'in sunka wuce ban isar da saƙo ba. Ya fita da safe, ya dawo da yamma takalmansa duk laka, ya durƙusa a bakin ƙofata, in amsa ma labule. Sau biyu na rubuta a takarda na yaga, don Malam ya hana. Zulai ba wawuya ba ce. Ta lura akwai abin da ke cina, ba ta tambaya ba, sai ta ce zaman ɗaki ya ishe ni, in bi shi in ga wurin aikinsa.

To ga maganar gulbi. Gaskiya ne yana komawa baya. Garin kusa da teku yake, kuma sau biyu kowace rana teku tana turo ruwa cikin gulbin, ya cika ya tumbatsa, ya juya yana gudu zuwa inda ya fito. Bayan 'yan sa'o'i ya janye ya bar laka baƙa mai wari, jirage a kwance a kanta kamar shanun da sunka ƙoshi. Namu gulbin sau ɗaya yake hauka a shekara, kowa ya san lokacinsa. Nasu kullum ne.

A gefen wannan mahaukaci akwai wani rafi mai hankali, wanda kakanninsu sunka haƙa da hannu, ruwansa a kwance ba ya hawa ba ya sauka. Inda su biyun sunka haɗu nan aikin Injiniya yake. Ku ɗauka zaure ne mai ƙofa biyu, amma na jirage, an gina shi da jan tubali, zurfinsa ya fi rijiyar masallacinmu. Jirgi ya shigo ta ƙofa ɗaya a rufe, a sake masa ruwa ko a rage har ya daidaita da na wancan gefe, sannan a buɗe ɗayar ya wuce. Zauren ya shekara da shekaru a yashe. Ƙyamarensa na katako sun ruɓe, laka ta cika shi har itace ya tsiro a ciki. Injiniya anka ɗora a kan gyaran, kuma shi ne karo na farko da anka ba shi aiki a matsayin shugaba.

Shi ya yi mini bayani, yana tafe a gaba ina biye, yana magana ina ce ma iska ashe. An sa mini hular kwano bisa hijabi, da riga ruwan ɗorawa, da takalman roba har gwiwa. Ya ce da rafi ne da rafi, da an gama tuntuni. Gulbin ne matsala. In ya janye yana ƙasa da rafin, in ya yi babbar cika sai ya fi shi tudu, don haka ƙyauren da ke tare ruwa ta fuska ɗaya bai isa ba, sai an ƙara wani mai kallon gulbi, in ba haka ba ruwan zartsi ya shiga rafin ya kashe musu kifi ya malale unguwa. Katangar waje kuma ba a taɓa ta sai ruwa ya janye, kuma lokacin janyewar kullum matsawa yake yi. Wannan mako da hantsi, mako mai zuwa da la'asar. Su kwashe laka yau, gobe gulbi ya dawo musu da rabinta. Suna da wata takarda da suke dubawa don sanin ranar babbar cika. Ni kwana goma ya ishe ni na gane da wata take tafiya, in ya tsaya da in ya kai sha biyar. Ban gaya musu ba, kada takardar ta ji kunya.

Abin da ya fi ba ni mamaki mutanensa ne. Ban da ƙwararru 'yan kaɗan, sauran tsofaffi ne da sunka gama aikin gwamnati, ba mai biyansu, wai sha'awa. Babbansu wani siriri ne mai farin gira da na sa ma suna Ɗan Tsoho. Aikinsa ya ɗauki tsohon tubali ya kankare, ya wanke shi kamar jariri, ya ajiye. Wai dole kowane tubali ya koma inda ya fito, kuma ba a yarda da siminti ba, sai irin farar ƙasar da kakanni sunka yi aiki da ita, don siminti ya fi ƙarfin tsohon tubali, fasa shi yake yi. Wannan na yarda da shi, na ga abin da siminti ya yi ma katangar gidanmu ta ƙasa. Amma akwai gefe guda da anka kewaye da igiya ba mai zuwa, wai tsuntsuwa ta yi ƙwai a tsagar bango, doka ta hana a dame ta sai 'ya'yan sun tashi. Ni da na ƙare ƙuruciyata da majajjawa ina korar tsuntsu daga shinkafa, na tsaya ina kallon maza takwas suna jiran ƙwai. Kuma duk wahalar ga ba don a ɗauko albasa ko gero ba ce. Don wasu tsofaffin su shiga dogayen jirage masu fenti, su riƙa tafiya a hankali suna shan shayi.

Na riƙa bin sa kusan kullum, ina cewa yau za ni faɗa. A mota ina baya yana gaba, in buɗe baki sai in ji na ce ma taga an yi hadari. Kwanan komawata yana matsowa.

Don su samu su yi aiki a busasshe, sun kafa katangar ƙarfe tsakanin zauren da gulbi, irin jingar da muke yi a fadama, sai dai tasu ta faranti ce an buga cikin ƙasa, injuna biyu suna ta jan ruwan da ke tsatsowa. Su suna aiki a ƙasan ramin, can wajen ƙofar rafi. An ajiye mini kujera a inda za ni gan su sosai, amma in na zauna nan fuskarsa nake kallo. Sai na ɗauke tabarmata na koma bayan ɗakin kayan aiki, a wata kusurwa da ba mai zuwa, inda ba abin da ake gani sai gindin katangar ƙarfe. Ɗan Tsoho ya ɗauka fushi nake yi, kullum sai ya kawo mini shayi da biskit ya ajiye a hankali.

Ranar sha biyar ga wata, na idar da azahar a kusurwata, takalman roba a gefe, gulbi yana cikowa har ina jin ƙarfen yana ƙara. Na leƙa ƙasa. A gindin katangar, ta cikin ramin, na ga wani ɗan tsibi kamar na tururuwa, ruwa yana ɓulɓulowa daga tsakiyarsa. Jiya ma na ga ruwa a wurin, amma garau yake. Yau ya yi baƙi, yana fito da rairai yana tarawa.

Duk wadda ta taɓa tsaron jinga da damina ta san wannan. In ruwan da ke tsatsowa fari ne, zufa ce kawai, a bar shi. In ya fara ɗauko ƙasa, to ta ƙarƙashi yake ci, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Haka jingar Kamarawa ta tafi shekarar da munka rasa shinkafa, muna tsaye a kanta muna cewa ai ba ta tsage ba.

Mutum shida ne a ramin, har da Injiniya. Na nemi Ɗan Tsoho, na hango shi can nesa da tubalinsa. Na tafa hannu, injuna sunka cinye. Na ce kai, kai, ba wanda ya ɗago. Na san abu ɗaya da in na faɗa Injiniya zai juyo ko cikin tsawa ne. Na buɗe baki, sunan ya zo nan, maƙogwaro, ya tsaya. Shekara talatin da tara bai taɓa bin hanyar ba, bai san ta ba.

Sai na ɗauki takalmin. Hannun majajjawa ba ya tsufa. Na jefa, ya same shi a kafaɗa, takalmin ya faɗa cikin laka ya fantsama ma wani Bature. Duk sunka ɗago. Na miƙa hannu ina nuna wurin, na dubi katangar ƙarfe na ce mata, da duk muryar da Allah ya ba ni, a gaya ma mai aikin ga jingarsa tana ci ta ƙasa.

Ya je ya duba. Bai daɗe ba ya busa usur, kowa ya hau tsani ya fito. Wani daga cikin tsofaffin ya ɗauko buhun rairai zai sa a toshe bakin, na riƙe masa riga. Ba a toshewa, in ka toshe nan ya ɓulla can. Kewaye shi ake yi da buhuna kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya danne kansa. Ina faɗa da Hausa, sai na ji Injiniya yana faɗin abu da Turanci yana zana da'ira da hannu. Ashe abin da anka koya masa a jami'a ke nan. Da an tambaye ni da an rage masa shekara ɗaya. Sunka kewaye shi, sannan ya sa anka kashe injuna anka bar ruwa ya shiga ramin da gangan, don nauyin ciki ya tare na waje. Aikin sati biyu ya nutse a gabansa yana kallo. Amma katangar ta tsaya, kuma mutum shida sun koma gidajensu.

Washegari anka zo da wani littafi da suke rubuta duk wani hatsari. Dole a rubuta cewa wani abu ya faɗo daga sama ya sami ma'aikaci. Zulai ta ce an rubuta takalmi, ƙafar hagu. Ɗan Tsoho ya ciro shi daga laka ya wanke shi kamar tubalinsa, ya rataye a ɗakin shayi. Ina jin yana nan.

A mota ranar Injiniya ya yi ta tuƙi har munka kusa gida. Sannan ya ce ma sitiyari an gode. Na ce ma taga ba komai. Saƙo yana nan a ƙulle.

Saura kwana huɗu in taho sunka rataya sababbin ƙyamaren gefen rafi. Kowane ƙyaure yana da wani dogon gungume da ya miƙo bisa tudu, da shi ake turawa. Kuma ba da hannu ake turawa ba. Juya masa baya ake yi, a jingina ƙugu, a riƙa takawa da baya da baya, an ma jera tubala a ƙasa inda dunduniya za ta riƙa tokarewa. Ɗan Tsoho ya ce ba wanda zai fara turawa sai mai takalmi. Na jingina na tura, ko motsi. Sai Injiniya ya zo ya jingina a gefena. Kafaɗa kusa da kafaɗa, ni ina kallon gaba, shi yana kallon gaba, ba mai ganin fuskar wani. Abin ya fara tafiya a hankali. Na ce a raina wanda ya ƙirƙiro wannan ƙofa yana da ɗan fari.

Na fara ce ma rafin idon Malam ba lafiya. Sai na tuna ba rafi anka aike ni ba.

"Da kai nika," na ce. "Ubanka idonai na tahiya. Likita ya ce ba ya dawowa. Ya ce in gaya maka yana son ya ga huskarka tun yana gani."

Ya daina turawa. Ƙyauren ya tsaya a rabi. Turawa can sun ɗaga hannuwa suna jiran tafi.

"Tun yaushe?"

"Tun daminar bara."

"Inna, wata uku fa kina gidana."

"Tura ƙofar," na ce, "mutane na kallo."

Munka tura har ta kai. Anka tafa. Ɗan Tsoho ya ga Injiniya yana share ido da bayan hannu, ya zo ya dafa shi, a zatonsa daɗin ƙofa ne.

Dawowata ba wani labari, sai dai na duba ko za ni ga karen nan in tambaye shi kilishina, ban gan shi ba. Malam ya tambaye ni ko na faɗa, na ce na faɗa. Ya ce da baki? Na ce da baki, amma sai da takalmi ya share hanya. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sati biyar bayan nan, ranar wata Laraba, motar Sakkwato ta sauke Injiniya a ƙofar gida. Ya bar ƙyauren gefen gulbi ba a rataya ba, ya ce ma masu aikin ai sun iya jiran ƙwai, su jira shi kwana goma. Malam bai bari ya shiga ciki ba. Ya zaunar da shi a bakin zaure inda rana take faɗowa, ya riƙe masa haɓa, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, kamar mai sayen rago. Sun daɗe a haka. Ni ina daga soro ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

Masu tambaya ko yanzu ina kiran sunansa, a'a, ban kira ba. Da ya bi ni fadama ya fara ba da shawara a kan jingata ma, gaya ma Malam Isa mai gonar kusa na yi ya ce masa ya je ya gama tasa tukuna.

Yanzu Malam ba ya bambance ni da turmi in ban yi magana ba, ko da yake ya ce wannan bai taɓa zame masa matsala ba, tun da ban taɓa yin shiru ba. Amma in baƙo ya tambayi labarin ɗansa na Ingila, sai ya ɗaga yatsa ya taɓa nan, saman kunnen hagu, ya ce furfura ta fara masa daga nan, guda uku, shi ya gani da idonsa.